Shatin Haƙori a Jikin Agogo

Duk wanda ya saba bi ta bakin tashar Birnin Kudu ya san teburina, ya kuma san halina. Ni ne Salihu mai agogo, kuma ba na shiri da agogon batir. Abin da za ka buɗe bayansa ka tarar da 'yar roba da ɗan ƙarfe kamar ƙwayar magani, wai shi ma agogo! In ya lalace ba a gyara shi, sai dai a ciro cikin a jefar. Ni a kan agogon murzawa na koyi sana'a, wanda in ka kara shi a kunne za ka ji kamar yana numfashi. Yanzu waya ta cinye mana kasuwa, abin da ya rage mini canjin batir ne da sa maɗauri, ina yi ina tsaki.

Wata ranar kasuwa da hantsi, lokacin bazara, wani dogon mutum ya sauko daga motar Gwaram ya nufo ni kai tsaye. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake, an soke shi da fil a daidai gwiwar hannu. Ya yi sallama na amsa, na miƙa masa hannu bisa sabo, sai kunya ta kama ni.

"Bar shi, Malam, sallamar ta wadatar," in ji shi.

Ya sa hannun hagu a aljihu. Shi ma hannun bai tsira ba: babu babban yatsa, manuni kuma a sandare yake kamar kara. Da sauran yatsun ya zaro wani ƙullin hankici ya ajiye a gabana. Na kwance, sai da na gyara zama. Agogon soja ne na da, baƙar fuska, manyan lambobi, jikinsa ƙarfe mai kauri, irin wanda rabona da riƙe shi tun ina da baƙin gashi. Na maƙala gilashina a ido na duba ɗan maɓallin gefe da ake murzawa. A tauna yake, sandarsa ta lanƙwashe, ga shatin haƙori raɗau a jiki.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wane irin sakaci ne wannan? Ka bar wa yaro abu mai daraja haka ya tauna?"

"Ba yaro ba ne. Ni ne."

Na ɗago na dube shi, na sake duban hannun nan maras babban yatsa. Na tura masa benci da ƙafa, ya zauna.

Sunansa Kofur Abdulsalami. Agogon na mahaifinsu ne, Saje Dabo, wanda ya dawo da shi daga yaƙin basasa ya kuma riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Da aka zo rabon gado sai agogon ya faɗo a rabon Abdulsalami, kowa ya ce ya dace, tun da shi ya gaji kakin tsohon. Da shi ya shiga daji a arewa maso gabas, da shi yake tashin abokansa canjin gadi, har ranar da motarsu ta taka abin da aka binne a hanya. Hannun dama ya tafi, na hagu ya nakasa, agogon kuwa ko tsayawa bai yi ba.

Da aka sallame shi ya dawo Gwaram, sai yayansa Alhaji Yunusa, babba a gidan kuma mai sayen hatsi, ya ce a kawo agogon ya adana. Hujjarsa ita ce agogon murzawa in ba a murza shi kullum mutuwa yake yi, kuma Abdulsalami ba shi da abin murzawa. Kofur ya ƙi. Dattawan gida suka shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa zai riƙe kayansa, amma kowace safiya in ya je gaida yayansa a zaure, kamar yadda ƙane yake yi, Alhaji ne zai murza ya ɗaura masa. Alhaji ya ƙara sharaɗi guda: ranar da agogon ya tsaya a hannunsa, ranar zai koma akwati.

"To ai wannan zumunci ne," na ce, don in ji bakinsa.

Ya yi wata dariya maras daɗi. "Malam, ka taɓa zuwa zauren mai hatsi da safe? Cike yake. Dillalai, masu awo, masu neman alfarma. Sai ya bari kowa ya zauna tukuna ya ce, 'Abdu, matso.' In durƙusa, in miƙa hannu kamar mai karɓar allura. Ya kwance, ya murza a hankali yana ba su labarin yadda yake ɗawainiya da ni, ya ɗaura, ya gyara mini hannun rigar nan ya ce in rufe kada yara su tsorata. Jama'a su ce Allah ya saka wa Alhaji. Ni kuma in ce amin."

"Iyalinka fa? Ba za ta murza maka ba?"

"Lailatu za ta yi har da murna. Amma ko ita ce, roƙo ne. Na gaji da fara kowace safiya da 'don Allah'. Na gwada da yatsun nan, maɓallin ya sha hannu ya yi santsi. Na goga shi a gefen ƙofa, ya ƙi. Shekaranjiya na sa haƙori." Ya nuna agogon da haɓa. "Ga abin da na samu. Ya tsaya, kuma Yaya ya sani."

Na ce kada ya damu, wannan ƙaramin aiki ne. Zan miƙe sandar, in sa sabon maɓalli, in wanke injin in ba shi mai, ya tashi kamar ba a taɓa shi ba.

"Ba shi na zo nema ba," in ji shi. "Cire injin za ka yi, ka sa mini na batir."

Wallahi da wani ne ya faɗi haka da na naɗe masa kayansa na nuna masa hanya. Na ce masa ya san abin da yake faɗa kuwa? Wannan injin an yi shi tun kafin a haife shi, kuma in an kula da shi zai ga jikokinsa. Na ce cire shi a sa na batir daidai yake da a fitar da doki daga turke a ɗaure akuya. Na yi ta zuba, har mai rake na kusa da ni ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Shi kuwa Kofur ko gezau. Ya bari na gaji don kaina.

"Malam Salihu, kai za ka riƙa zuwa Gwaram kowace safiya kana murza mini?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ja tsaki, wannan karon ban san wa nake yi wa ba, na jawo gwangwanin madarar da nake zuba injinan batir, waɗanda 'yan Sabon Gari a Kano suke kira kwaz. Na zazzage su a kan farin ƙyalle.

Na ɗauka zai ce in sa kowanne, tun da a wurina duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ashe na taro aiki. Ya matso da benci ya ce ba farar hula zai saya wa ba, soja zai ɗauka, don haka sai an tantance. Na ɗaga na farko, wanda nake sa wa agogon 'yan makaranta. Ya tambayi da me aka yi haƙoran cikinsa, na ce roba. Ya ce shi ya ga abin da rana take yi wa roba a bayan mota, a mayar da shi. Na ɗaga wani siriri mai nuna kwanan wata. Ya ce fuskar agogon Baba ba ta da tagar kwanan wata, kuma ba za a huda ta ba. Abin da ba a buƙata a jikin soja kaya ne kawai, wata rana shi zai fara lalacewa. Wani kuma ya ce in kara masa a kunne. Ya saurara ya girgiza kai, wai ƙararsa ta yi yawa, mai irin wannan bakin ba a kwanton ɓauna da shi.

Na ce, "Kofur, yaƙin nan fa ka gama shi."

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Sai na tuna da wani da na sayo tun bara na rasa mai saye, yana can ƙasan akwati a cikin takardarsa. Ɗan Japan ne, gindinsa ƙarfe, kuma da sukurori aka ɗaure shi, ba narka shi aka yi aka manne ba, wato in ya yi ciwo ana iya buɗewa a duba. Wannan kaɗai ya sa nake ɗan ganin mutuncinsa. Na nuna masa wani ɗan bututu a gefe, bai fi ƙwayar shinkafa ba, na ce a ciki akwai ɗan dutsen da batir yake sa wa rawar jiki, da wannan rawar yake ƙirga lokaci, kuma ba ruwansa da ko an girgiza shi ko an kwantar.

"Faɗuwa fa?"

"Ya fi tsohon jurewa," na ce, ina jin zafin faɗar haka a gaban tsohon.

"Gumi da ruwan sama?"

"Wannan aikin murfi ne. Zan sa sabuwar roba a bakinsa."

Sai ya kawo tambayar da na lura ita ce ta fi damunsa. Ya ce abin da ya sa sojoji da yawa ba su yarda da na batir ba, mutuwar fuju'a yake yi. Kana dubawa ka ga ƙarfe huɗu, ashe tun ɗazu ya cika. In ya tsaya masa haka a Gwaram ba shiri, Alhaji ya samu abin da yake jira. Na ce wannan ba ya tafiya ba sallama. In batirinsa ya kusa ƙarewa, tsinken daƙiƙa zai daina tafiya ɗaya-ɗaya ya koma tsalle bibbiyu, ya yi kwanaki yana haka, har mutum ya samu mota ya zo wurina. Kuma kafin a kai ga haka sai an yi shekaru.

A nan ne na fara ganin haƙoransa da sunan murmushi. Ya ce, "Wannan ya san aiki. Ba ya barin gadi sai ya tashi na bayansa. Shi za a ɗauka."

Har ya miƙe, sai ya juyo ya ce tsohon injin ma in gyara shi tsaf, ya riƙa tafiya, in sa shi a wani abu mai murfi. Ban tambaye shi dalili ba. Muka yi da shi ya dawo kasuwa mai zuwa.

Aikin ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Sabon injin ƙarami ne, cikin gidan tsohon yake iyo kamar ɗan yaye a rigar babansa, sai da na yanka zoben tagulla na goge shi da magagari har ya riƙe shi gam. Ramukan tsinkayen ba su dace da sabuwar sanda ba, kuma na rantse ba zan sa wa fuskar Saje Dabo tsinken zamani ba, don haka na yi ta matse su a hankali, ina addu'a kada su tsage. Na sa babban maɓalli mai kaushi wanda ko da gefen yatsa za a iya ja. Tsohon injin kuwa na wanke shi, na ba shi mai, na miƙe sandarsa, na kwantar da shi a kan auduga cikin gwangwanin man zafi. Da na murza shi ya tashi, sai da idona ya yi ƙwalla. Haushi nake ji, amma ko da za a sake, abin da zan yi ke nan.

Ranar kasuwa Kofur ya sauko daga motar Gwaram, sai ga wani mai jiki a bayansa, da babbar riga ruwan ƙasa da carbi a hannu. Ba sai an gaya mini ba. Na yi wa Kofur kallon tambaya.

"Ni na ce ya zo," in ji shi. "Ba sata nake yi ba."

Alhaji Yunusa ya gaishe ni da fara'a, irin ta wanda ya zo karɓar kayansa. Ya ce ya ji an kawo mini amanar mahaifinsu, Allah ya sa dai ƙanen nasa bai yi mata illa ba, don shi Abdu tun da abin nan ya same shi sai a hankali. A gabansa yake faɗa, kamar ba ya wurin. Na buɗe hankicin. Alhaji ya ɗauki agogon ya juya, ya yaba yadda gilashin yake ƙyalli, sannan ya kara a kunne. Na ga fara'ar tana zagwanyewa. Ya sauke ya zura wa tsinken daƙiƙa ido, yana tafiya ɗaya-ɗaya, cak, cak.

"Malam, me ka yi wa agogon Baba?"

"Abin da mai shi ya sa ni."

"Mai shi? Ka cire masa rai ka sa masa batir kamar tocila! Kai da ake cewa ka san darajar kayan da? Wannan ai cin amana ne!"

Maganar ta soke ni, don rabinta ni ma na faɗa da bakina a makon da ya wuce. Amma na ce, "Alhaji, ban jefar da komai ba." Na tura gwangwanin gaban Kofur.

Kofur ya tura shi gaban yayansa da bayan hannu. "Buɗe, Yaya."

Alhaji ya buɗe. Ga tsohon injin a kan auduga yana ta bugawa.

"Ka ce tsoronka kada ya mutu don ba a murza shi ba," in ji Kofur, muryarsa a kwance. "Ga shi nan, na ba ka halak malak. Ka murza shi kowace safiya, a zaure ko a ɗaka, yadda ka ga dama. Abin da yake buƙatar hannunka ke nan. Wannan kuma," ya ɗora yatsunsa a kan agogon, "ba zai tsaya ba, balle ya koma akwati."

Kafin nan mutane sun fara taruwa, ka san tasha. Mai rake ya bar rakensa, 'yan kamasho biyu sun matso. Alhaji ya dube su, ya dubi ƙanensa, sai ya sassauta murya ya koma lallashi, wanda a ganina ya fi faɗan ciwo.

"Abdu, Abdu. Duk me ya yi zafi? Ni fa taimakonka nake yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Ba jinka zan ɗauka ba, Yaya. Agogo ne."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, aka harare shi. Alhaji ya haɗiye abin da ya taso masa. Sai na ga idonsa ya sauka a kan maɗaurin, sabon maɗaurin zare mai kauri da na sa, fuskarsa ta ɗan saki. Ya ɗauki agogon ya ware maɗaurin.

"To shi ke nan, na ji. Batir ya murza maka. Miƙo hannun in ɗaura maka, tun da batir ba ya ɗaura agogo."

Na yi mako ina fama da zobe da tsinke, ban taɓa tunanin wannan ba. Mutumin da hannunsa ɗaya ne, da me zai ɗaura abu a wuyan wannan hannun? Duk wahalar ta tashi a banza ke nan, gobe da safe zai sake durƙusawa a zaure.

Kofur bai miƙa hannu ba. Ya kai yatsunsa kan fil ɗin nan na hannun rigar dama, ya zare shi ya ajiye a teburina. Ya naɗe rigar har sama da gwiwar hannu. Dungun ya fito fili, guntun dantse mai tabon ɗinki, a tsakiyar tashar Birnin Kudu da rana tsaka.

"Subhanallahi, Abdu, rufe mana! Mutane na kallo!"

"Su kalla. A bakin aiki na samo shi."

Ya karɓi agogon daga hannun yayansa, ya ɗora a kan dungun, ya danne da ƙirjinsa a gefen tebur. Ya kama bakin maɗaurin da haƙori, yana tura ɗaya gefen da yatsun da suka rage. Ya zame. Ya sake, ya kuma zamewa, agogon ya faɗo kan tebur. Alhaji ya kai hannu, Kofur ya ɗago ido kawai ya dube shi, hannun ya koma. Ni kaina sai da na sa hannayena a ƙarƙashin cinyata na danne, don ƙaiƙayi suke yi. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, tashar nan duk hayaniyarta ban ji ta ba. Can maɗaurin ya shiga, ya ja da haƙori har ya kama, ya soke ƙarfen a rami. Ya girgiza dungun da ƙarfi, agogon bai motsa ba.

Ya ɗaga shi daidai fuskarsa ya duba, ya ce mini azahar ta kusa, gara su nemi mota. Fil ɗin ya bar mini shi a tebur, yana nan har yau cikin gwangwanin sukurori.

Alhaji yana tsaye da gwangwanin man zafi a tafin hannu, ya rasa aljihun da zai sa shi. Da ƙyar ya ce, "Wato gobe ba za ka shigo zaure ba ke nan."

Kofur ya rusuna masa kaɗan, yadda ƙane yake yi wa wa.

"Zan zo mana, Yaya. Gaisuwa kawai."